Mu Muka Fara

Jikata Ummi ce ta sa na zauna rubuta wannan babin, ita kuwa ba ta ma san ta yi ba. Ta dawo daga islamiyya da hawaye, ta ce yaran sashen gabas sun kira ta 'yar mu-muka-fara, tana tambayata ko sunan kakanta ke nan. Na share mata fuska, na ba ta gyaɗa, na ce ta je ta yi wasa. Waɗanda suka ƙirƙiro kalmar nan yawancinsu suna ƙasa, amma ga ta a bakin yaran da ko wankin allo ba su iya ba. Ku 'ya'yana, na san kowa da abin da ya ji. Wasu sun ce muku Babanku tsoro ya ji ranar sulhu. Wasu sun ce ni na wulaƙanta gawarsa. Ina wurin duka biyun, da idona da kunnena, don haka ku saurara daga gare ni.

Gidanmu na Kusfa gida ɗaya ne da zaure ɗaya. Wa da ƙani suka gina shi. Zuriyar wan suna sashen gabas, babbansu a lokacin Alhaji Mudi. Zuriyar ƙanin mu ne a yamma, babbanmu Babanku, Malam Garba, tunda mahaifinsa ya rasu. Ta zauren nan aka shigo da ni ina amarya, a ƙofarsa aka raɗa wa yayanku suna, a cikinsa Babanku da Alhaji Mudi suke sa hannu a akushi ɗaya bayan magariba. Ni da matan gabas kuwa har gishiri da garwashi muke aro ba sallama.

Sana'ar gidan rini ce. Ramukan marina na kakanni ne, ba a taɓa raba su ba, kowa dai ya san nasa da ido. A shekarar da nake goyon Hadiza kasuwar rini ta fara ja da baya, yadin kanti ya cika gari, zukata suka yi ƙunci. Wata safiya Isa, ƙanin Babanku, ya tarar an zuba masa gurɓataccen ruwa a ramin da ya haɗa shuni har ya kusa nuna. Na gabas suka ce ai kafin nan shi ya kwashe musu shanya ya watsar a ƙasa. Na tambayi Isa daga baya, bai musa ba, ya ce amma sai da suka tare masa hanya da shanyar da gangan. Haka za ka yi ta bin maganar baya-baya har ka isa ga kakannin da suka mutu ba su raba ba. Aka ɗauki muciyoyin da ake motsa rami aka hau juna. Isa ya karye a hannu. Lawal, ɗan Alhaji Mudi, ya rasa idonsa na hagu. Lawal yaro ne da yake zuwa madafata cin ƙanzo, wallahi na yi kukan idon nan kamar na ɗan cikina, kuma har gobe ban ce ƙaramin abu ba ne. Amma sun fi mu maza, suka koro namu har cikin gida, kuma su suka riga kai ƙara da yaro ido yana jini. 'Yan sanda suka zo suka tafi da Isa da karyayyen hannunsa ba ɗori.

Sai dattawan unguwa suka ce za a yi sulhu. Na yi murna har na yi sadakar waina. Ban san su da Alhaji Mudi tun hantsi suke zaune a zaure suna yankewa ba, Babanku kuwa sai bayan azahar aka aiko ya zo. Na kai ruwa, na maƙale a shigifa bayan ƙyaure, ina hango su ta tsaga. Kowa yana kan buzu, Babanku kuwa aka nuna masa gefen tabarma. Babban dattijon ya yi gyaran murya.

"Malam Garba, an yi magana an gama. Saura naka."

"Allah ya gafarta Malam, ai ban ji maganar ba."

"Yanzu za ka ji."

Ya ji kuwa. Ramukan marina duka sun koma gabas, a madadin idon Lawal. Hanyar da ta haɗa sashenmu da zaure za a toshe ta da katanga, mu fasa tamu ƙofar ta baya. Babanku ya ɗago.

"Hannun Isa fa? Shi ma a karye yake."

"Hannu ana ɗora shi," in ji Alhaji Mudi. "Ka dawo min da ido in bar maka ramukan."

"Yaya, a ɗauki ramukan. Amma zauren nan ubana da ubanka suka ɗora masa azara tare."

"Da kun tuna da haka, da ba ku ɗaga wa gida muciya ba."

Na ɗauka an gama ke nan, ashe babban yana gaba. Dattijon ya ce saura abu ɗaya, don magana ta mutu kada ta sake tashi.

"Ka faɗa da bakinka kowa ya ji, cewa ku kuka fara. In ka faɗa, Alhaji zai janye ƙara, yau Isa ya kwana a gida."

Ina ganin bayan wuyan Babanku yana zufa. Mutumin da ko a ciniki ba ya rantsuwa don tsoron ƙarya. Ya san ba gaskiya ba ne, su ma sun sani, dattijon da ya nema ya fi kowa sani. Ya buɗe baki ya faɗa a hankali. Wani saurayi daga bakin ƙofa ya ce, "Ba mu ji ba!" Ba wanda ya kwaɓe shi. Babanku ya ɗaga murya.

"Mu muka fara."

Nan take aka ce a yi Fatiha. Aka ɗaga hannuwa, aka shafa, shi ma ya shafa. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin abinci ya fita raina. Surar da ake buɗe salla da ita, su suka mayar da ita kwaɗon kulle bakin mutum. Kun san halin garin nan, in an shafa Fatiha a kan magana, duk wanda ya sake ta da ita shi ne marar tsoron Allah. Da sun yi hukuncinsu sun kira shi hukunci, da da sauƙi, mutum ya san an fi ƙarfinsa. Amma suka kira shi sulhu, suka sa muka ce amin, har ana yi wa Babanku barka a masallaci.

Da ya shigo, Inna Kulu, kakarku, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi.

"Garba, me suka bar mana?"

"Sun bar mana Isa, Inna."

"Da kuma me?"

"Da Isa."

Isa ya dawo da la'asar, aka kira mai ɗori. Ko da za ku manta komai a babin nan, ku riƙe wannan: ba tsoro ba ne. Ƙaninsa ya fanso da bakinsa.

Ranar da magina suka zo da tubali, Inna Kulu ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na sallar idi, ta ɗauki butarta da carbinta. Na ce, "Inna, ina zuwa da sassafe haka?" Ta ce in riƙe mata ƙunshi zuwa zaure. Ta ratsa ta tsakiyar maginan tana takawa a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure, ta tsaya a gaban Alhaji Mudi.

"Mudi, ni na yi maka wanka kana jariri, ka yi min fitsari a cinya ba sau ɗaya ba. Ta nan aka shigo da ni da guɗa. Ni ba toka ba ce da za a fitar ta baya."

Ya sunkuyar da kai, amma bai ce a dakata da ginin ba. Ta tafi gidan 'yarta a Gyallesu, can ta ƙare kwananta, ba ta sake taka gidan mijinta ba. Isa ma da hannun ya warke a karkace sai ya tafi Kano, ya ce ba ya iya haɗa ido da yayansa. Wato wanda aka fanso ɗin ma ba mu tsira da shi ba.

Ƙofar da muka fasa tana jikin madafata, daidai inda a da muke zubar da toka da ruwan wanke-wanke. 'Yar siririya ce, kana fita ka ci karo da bangon maƙwabta, ga rariya a tsakani. Baƙon Babanku ba shi da wurin zama sai ya tsaya a lungu yana ɗage riga. Raɗin sunan ɗana Nura, ƙofar gidan maƙwabta muka ara muka yi. Mai neman Hadiza a kan rariya ya riƙa tsayuwa, har ƙawayenta suna tsokanarta wai saurayinta mai gadin kwata ne. Babanku ya koma zaman shagon wani abokinsa yana auna wa mutane yadin kantin nan da ya kashe masa sana'a. Tun da na san shi hannuwansa shuɗi ne har gwiwar hannu, ba sabulun da yake fitar da shi. Kafin damina ta fita shuɗin ya koɗe. Wata rana na kai masa ruwan alwala na same shi yana juya tafukansa yana kallo.

"Rabi, kin ga hannun wani aka ba ni."

Ya yi dariya, ni na koma madafa na ce hayaƙi ne ya shiga min ido.

A sakandare malamin tarihi ya taɓa koya mana yadda aka yi wa Jamusawa bayan babban yaƙin Turai na farko, yadda waɗanda suka yi nasara suka zauna su kaɗai suka yanke, sannan aka kira su don su sa hannu kawai, aka ƙwace musu ƙasa, aka sa su amsa cewa laifin yaƙin nasu ne. Ya ce yaran da suka tashi da wannan ɗacin su suka girma suka shiga yaƙin da ya fi na farko muni. Mu a lokacin haddacewa muke yi don jarrabawa, muna dariyar sunayen garuruwan da harshenmu ya kasa. Ban taɓa zaton zan raini irin yaran nan a tsakar gidana ba.

Yayanku yana ajin farko na firamare aka yi sulhun. Kafin shekara ta zagayo ba mai kiransa a unguwa sai ɗan mu-muka-fara. Kullum da yagaggiyar riga yake dawowa, ina ɗinkewa ina ba shi haƙuri, har haƙurin ya zama abin da ya fi tsana a bakina. Da ya zama saurayi, wata rana ya durƙusa gaban Babanku yana cin abinci.

"Baba, mu muka fara?"

"An shafa Fatiha a kan maganar nan."

"Ba Fatiha na tambaya ba, Baba."

Babanku ya tsame hannu daga tuwon, ya wanke, ya fita masallaci tun ba a kira salla ba. Ba zai ce e ba don ƙarya ce, ba zai ce a'a ba don ya shafa. A tsakanin nan ya rayu har ya mutu. Su ma na gabas kada ku ɗauka sun huta. Wanda ya san abin da ya yi ba ya barci da nauyi. Suka ƙara wa katangar tsayi, daga baya suka jera mata fasassun kwalabe a kai, kamar ɓarayi ne a bayanta ba 'yan'uwan da suka sha nono a tsakar gida ɗaya ba. Ko tari yayanku ya yi a kusa da ita sai ka ji an yi tsit a can.

Babanku ya rasu bayan sallar asuba, ciwon ƙirji, kansa a cinyata. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Kafin hantsi an yi masa wanka an sa likkafani. Shi ne babban mutum na farko da ya rasu a sashenmu tun da aka toshe hanya, don haka ba wanda ya taɓa tunanin abin da ya faru. Makara ta shigo a tsaye, an karkata ta, tunda ba kowa a ciki. Da aka ɗora shi aka zo fita, sai ta ƙi juyawa. Ƙofa ƙarama, bango a gaba. Sai dai a miƙar da gawa tsaye, ko a sauke ta a naɗe a tabarma a tsallaka rariya da ita kamar kayan wanki. Aka mayar da shi tsakar gida aka ajiye. Liman, wanda yaro ne lokacin sulhun, ya ce bari ya zagaya ya ga Alhaji Mudi. Ina ɗaki mata sun kewaye ni, amma na ji shi sarai da ya dawo, yana magana kamar mai jin kunyar bakinsa.

"Alhaji ya ce a fasa katanga a fita ta zaure, gawa ba ta da laifi. Sai dai babban ɗansa ya zagayo zaure tukuna, ya maimaita abin da mahaifinsa ya faɗa, don kada a ce an warware Fatiha."

Ku ji fa. Mutum yana kwance a likkafani, ana neman a gadar wa ɗansa ƙaryar da ta cinye shi. Tsoho mai furfura, wanda ya je Makka, wanda ya ci tuwo akushi ɗaya da mamacin.

Ban ga tashin yayanku ba. Ƙarar diga kawai na ji a jikin katanga, ƙasa ta zubo, kwalba ta faɗo ta tarwatse. Daga can bayan kuwa sai gudu-gudu da muryoyin maza, da ƙarar itace ana zarowa. Na san ƙarar nan, na taɓa jin ta. Nura ya riga ya ɗauki taɓarya. Na ture matan da suke riƙe da ni, na ja mayafi, na fita tsakiyar maza. Kun san yayanku ɗan fari ne, tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba, ko a gaban likita sai dai wani ya faɗa. Ranar na buɗe murya har sai da aka ji a gabas.

"Bashir!"

Ya juyo da digar a sama, yana kallona kamar bai san mai muryar ba.

"Ajiye."

"Umma, ta rariya za a fitar da shi?"

"Muddin ina numfashi ba za ka je zauren nan ka faɗi kalmar nan ba. Kuma ba za ka sake taɓa katangar nan ba. Ubanka ya haɗiye abin da ya haɗiye don ƙaninsa ya kwana a gida. Ba za a sallace shi da wata gawar a gefensa ba, tamu ko tasu."

"To ta ina, Umma? Ta sama?"

Ban shirya amsa ba, Allah ne shaida. Idona ne kawai ya faɗa kan madafata, da bangonta da ya haɗu da ƙofar.

"Ku rushe madafata."

Liman ya karɓi digar daga hannunsa. Mata suka kwashe tukwane, maza suka ture duwatsun murhu, aka rushe bangon har ƙofar ta yi faɗin da makara za ta juya. Babanku ya fita a kwance, a kan kafaɗu, ba a karkata shi ba, ba a sauke shi ba. Yayanku bai sa hannu a rushewar ba, amma shi ya ɗauki gaban makarar. An ce Alhaji Mudi ya zagayo ya shiga sahu yana kuka. Da yamma ya aiko da abinci ta lungu. Na karɓa na ba baƙi, ni ban ɗanɗana ba. Alhaji Mudi shi ma ya rasu tuni, ina sa shi a addu'a, amma ba zan ɓoye muku ba, sai na yi wa zuciyata dole.

Bayan addu'ar uku yayanku ya shigo ɗakina da jaka a hannu. Bai zauna ba.

"Umma, kin kira sunana a gaban mutane don ki fitar da Babana ta inda ake zubar da toka."

Ya tafi Legas. Yana aiko da saƙo, yana kiran ƙannensa a waya, in an miƙo min mu gaisa a taƙaice kamar surukai. Amma ƙafarsa ba ta sake taka gidan nan ba. 'Ya'yansa a hoto na san su. Wannan shi ne abin da sulhun dattawa ya ci min: suruka, da ƙanin miji, da hannun miji, sannan ɗan fari. Marinar da aka yi don ita kuwa ku je ku gani, ramukan sun cika da leda da shara, ba mai rini ko ɗaya a gabas. Lawal yana nan da idonsa ɗaya, in mun haɗu a hanya shi yake fara gaishe ni, ya kasa tsayawa. Katangar ce kawai take nan da ƙarfinta, da kalmar.

Na ce wa Ummi in sun sake faɗa mata, ta ce musu kakarta ta ce ba wanda ya san wanda ya fara, amma kowa ya san wanda ya hana a gama. Ban sani ba ko ta riƙe.

Ban sa an mayar da bangon madafa ba. Nura ya sa wa wurin ƙyaure mai faɗi, ni kuwa a rumfa nake girki har yau, damina da rani. Saura magana ɗaya, ga mutum ɗaya, kuma tunda na riga na karya kunyar sau ɗaya zan ƙara. Bashir, ban ce ka ce na yi daidai ba. Na zaɓi ka yi fushi da ni kana raye. Ƙofar tana nan yadda ka bar ta, da makarar ubanka aka auna faɗinta, za ta ishi tawa, kuma na riga na gaya wa Nura ta nan za a fitar da ni ko da na gabas sun rushe katangarsu da hannunsu. Ka zo ka shigo ta cikinta tun ina iya tashi in ɗebo maka ruwa.